Ƙullin Igiyar Guga

Mai Lambu ta saki igiyar har ƙarshenta ya zo hannunta, amma ba ta ji gugan ya taɓa ruwa ba. Sai da ta durƙusa ta zura hannu cikin rijiyar har hammata sannan ta jiyo ɗan motsinsa can ƙasa. Abin da ta janyo rabinsa laka ne. Ta dubi gugan, ta dubi layukan tumatirinta da suka fara sunkuyar da kai tun rana ba ta yi zafi ba, ta ja tsaki.

Igiyar nan mijinta ya bar mata, kuma har ya koma ga Allah ba a taɓa yi mata ƙari ba. Sai da kamfanin gine-gine ya sayi filin bayan gari, ya kawo injin haƙa ya huda ƙasa don gidajen da zai jera, sannan ruwa ya fara ja da baya. Ta fara ƙulla igiyar shanya. Da wannan ta gaza ta kwance ta akuya ta haɗa, daga baya ta yayyaga tsohon zani ta murɗa. Kowane ƙulli da launinsa. Lambun nan shi ne cinta da shanta, in rijiyar ta ƙafe shi ke nan.

Yau ne jami'in hukuma zai zo ya duba, ya faɗi ko a bar kamfanin ya ci gaba ko a dakatar da shi. Shi ya sa tun da ta tashi ta kasa zama wuri ɗaya.

Ƙaninta Auta, direban bas ɗin garin, ya faɗo lambun yana kaɗa makulli a yatsa.

"Yaya, yau za a yi ta ta ƙare! Duk mai abin hawa a garin nan na yi magana da shi. Tarakta, babur, amalanke, har keken mai gyaran rediyo. A gada za mu haɗu. Jami'in nan zai ga abin da zai faru ranar da motocin masu sababbin gidaje suka ƙaru a kan namu."

Gadar shiga garin mota ɗaya take ɗauka, in biyu suka haɗu sai ɗaya ta yi haƙuri ta koma da baya. Kukan mutanen gari ke nan tun farko: ruwa da hanya.

"Ni dai ka kawo mini shi nan ya leƙa rijiyar nan da idonsa," in ji ta.

"Zai zo, Yaya. Amma sai ya ɗan sha rana tukuna. Mutumin ofis ba ya gane magana sai ya ji a jikinsa."

"Auta, kada garin neman gira a rasa ido."

"Haba Yaya! Ni ne fa."

Abin da take tsoro ke nan, shi ne fa. Auta mutum ne da in ka ce ya kashe maka sauro sai ya ɗauko guduma. Zuciyarsa fes, amma bai san daidai ba tun yana goye a bayanta.

Da ya tafi ta share bakin rijiyar, ta jawo benci ƙarƙashin bishiyar lemo, ta ga bai yi ba ta mayar da shi inda yake. Ta maimaita a ranta abin da za ta faɗa, ta ga ya yi tsawo, ta rage, ta ga ya yi kaɗan. Can daga wajen gada aka fara jiyo odar motoci, ɗaya, biyu, sai kuma duka suka kaure. Ta je ƙofar lambu ta leƙa, ta dawo, ta sake komawa. Inuwar lemon ta tattare ta koma gindinsa, babu jami'i babu dalilinsa.

Haƙurinta ya ƙare. Ta naɗe igiyar ta rataya a kafaɗa, ta ɗauki gugan ta nufi gada.

Tun daga nesa ta san an wuce gona da iri. Tarakta ta yi karo-da-goshi da wata babbar motar siminti ta kamfanin a tsakiyar gadar, babu mai iya komawa baya, don bayan kowacce a cushe yake. Masu babur sun sossoka kai a duk inda suka ga kafa. Wani amalanke ya karkace, buhunan gawayi sun zube, mai shi na rantsuwa sai an biya shi. Wasa ya zama gaske, waɗanda suka zo nuna cunkoso yanzu su ne ke zagin juna a kan wa zai matsa. Auta kuwa yana can kan rufin bas ɗinsa yana ɗaga hannuwa, fuskarsa sai ƙyalli take yi don murna.

Ta kama hannun rigar tela, maƙwabcinta, wanda ke riƙe da babur ɗinsa yana zufa.

"Ina jami'in?"

"Ai ya daɗe a can ƙetare, Yaya. Sai manajan kamfanin ya zo ya yi masa magana ta taga, na ga sun juya. Ina jin ta sabuwar hanya suka bi."

Sabuwar hanyar ita ce wadda kamfanin ya share ta bayan gari zuwa filinsa, kuma duk taron da aka yi ta yi babu wanda ya tuna da ita, don babu ɗan garin da ke binta. Ta kira Auta, muryarta ta nutse cikin oda. Ba ta tsaya ba, ta yanki gonaki da sauri, gugan na dukan cinyarta.

Ta iske su a filin. An jera turakun awo har iyakar gani, bulo a tsibe gefe guda. Manajan, wani mai fara'a da hular kwano, ya murɗa famfo, ruwa ya yi tsalle daga bututu kaurin cinyar mutum, yana malala a ƙasa a banza.

"Ranka ya daɗe, ka ga ruwa, ka kuma ga hanyar da muka biyo," yake cewa. "Motocinmu ba za su ko kalli gadarsu ba."

Jami'in, wani siriri mai alamar gajiya, ya gyaɗa kai.

Duk jawabin da ta shirya ya gudu. Ta dai matsa ta sauke igiyar a gabansa, tana haki.

"Ɗana, dubi nan. Daga nan zuwa nan igiyar rijiyata ce ta asali. Duk sauran nan ƙari ne, tun da suka huda ƙasar nan. Ruwa ba ya tsami banza."

Ya sunkuya ya taɓa ƙullin zanin, kuma ta ga alamar abin ya shige shi.

"Ina rijiyar take, Inna?"

"Cikin gari. A mota sai ta gada. A ƙafa kuwa ga gonaki nan, ni ma ta nan na biyo."

Ya dubi gonakin, ya dubi agogonsa.

"Wallahi Inna da ku na yi niyyar farawa. Rijiyoyinku na so in fara aunawa kafin in zo nan. Na tsaya a gadar nan har na gaji, yanzu kuma ana jirana a wani gari. Igiya ba rijiya ba ce. Abin da idona ya gani shi zan faɗa."

"To yaushe za ka dawo?"

"In an sake turo ni."

Ya shiga mota. Sabuwar hanyar ta ɗauke shi sumul, ko girgiza motar ba ta yi ba.

"Inna, ɗebi mana," in ji manajan, da zuciya ɗaya har da matsa mata. "Kada ki koma da guga a bushe."

Ta so ta ce ya riƙe abinsa. Amma ta tuna tumatirin, kuma tumatir bai san zuciya ba. Ta tara gugan, nan da nan ya cika ya tumbatsa. Maƙogwaronta a bushe yake, sai ta kamfata da tafin hannu ta kurɓa. Ta tsaya cik. Sanyin nan ne, da ɗan gardin nan mai ƙanshin ƙasa da ta sani tun ranar da aka kawo ta gidan mijinta. Ko cikin barci aka ba ta za ta gane shi. Ruwan rijiyarta ne ake ba ta sadaka. Ta rataya igiyarta a kafaɗa, ta ɗauki gugan.

Ta koma ta gonakin a hankali don kada ya zube. A lambu ta bi ƙananan shukokin tana ba kowanne ɗan kaɗan, manyan ta wuce su ba ta kalle su ba.

Tana cikin haka Auta ya shigo, muryarsa a dishe, rigarsa jiƙe da gumi, bakinsa har kunne.

"Yaya, kin ga aiki? Ko tsuntsu bai ƙetare gadar nan ba! An ce sai da mutumin ya juya don dole. Yau ya san akwai mutane a garin nan. Ya zo nan kuwa? Me ya ce?"

Ta dube shi. Ta buɗe baki, sai ta ga yadda idanunsa ke jiran yabo, kamar lokacin da yake ƙarami in ya ɗebo mata itace. Ta juya ta zura gugan cikin rijiyar, ta saki igiyar har ƙarshe, ta zura hannu har hammata. Shiru.

"Auta," ta ce, "akwai igiya a bayan motarka, wadda kake ɗaure kaya?"

"Akwai."

"Je ka kwanto mini ita."