Fetur a Rijiyar Malam Sabitu

Shanu ne suka fara ganewa. Malam Sabitu ya jawo ruwa daga sabuwar rijiyarsa, ya juye a rabin gangar da yake shayar da su. Babbar saniyar ta matso, ta shinshina, ta yi atishawa, ta juya abinta. Sauran suka bi bayanta.

Malam Sabitu manomi ne a Kurfi, mai 'yan shanu da ba su da yawa amma yana ji da su. Bayan kaka ya sayi wani fili a bakin hanyar Dutsin-Ma, da nufin ya yi lambun rani. Filin yana jikin wani tsohon gidan mai da aka rufe shekaru da dama. Ba abin da ya rage a wurin sai famfuna masu tsatsa da wata rumfa da ta karkace, inda awaki ke fakewa da rana.

Ya leƙa gangar. Wani abu ne ke yawo a saman ruwan, mai ƙyalli kala-kala kamar wuyan tattabara. Ya tsoma yatsa ya kai hanci. Sai ya kira Mahmuda a waya.

Mahmuda abokinsa ne tun suna yara, gyaran babura yake yi a bakin kasuwa. Ya iso da tsumman aiki a kafaɗa, ya yaɗe saman ruwan da gwangwani, ya jiƙa tsumman, ya ja baya ya ƙyasta ashana. Wuta ta kama bal.

"Sabitu," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa, "ka san abin da ka tono kuwa?"

"Faɗa mani."

"Mai. Allah ya kashe ya ba ka. Mai ne a Kurfi!"

Kafin la'asar labari ya gama gari. Mahmuda ya tace abin da suka yaɗo da hular wani yaro, ya ɗura a wani tsohon babur. Babur ɗin ya yi tari, ya yi tari, ya tashi. 'Yan acaɓa suka ɗauki kabbara. Washegari mutane daga Rawayau da Birchi suka riƙa zuwa kallo, wata mata ta kafa tukunyar awara a bakin hanya. Waɗanda ke ce mashi Malam jiya, yau Alhaji suke ce mashi, shi kuma bai hana ba.

Matarsa Adama ce kaɗai abin bai burge ba.

"Malam, ni tun da na wanke maka riga da ruwan nan kaina ke ciwo," ta ce. "Kuma matar maƙwabcin filin ta ce tasu rijiyar ma ta fara wari. In arziki ne, arziki mai sa ciwon kai ne."

"Ke ba ki san harkar mai ba."

"Kai ka sani?"

Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya hau bayan Mahmuda suka nufi Dutsin-Ma. Shawarar da suka yanke ita ce gara su kai kansu ga gwamnati kafin gwamnati ta ji a bakin wani, don a rubuta sunan mai rijiya tun da wuri.

A sakatariya aka yi ta tura su daga wannan ƙofa zuwa waccan, har suka faɗa ofishin masu kula da muhalli. Can suka tarar da wata mata mai gilashi tana cin gyaɗa a kan tebur. Sunanta Justina. Iyayenta 'yan kudancin Kaduna ne, amma a Dutsin-Ma aka haife ta, Hausarta ta Katsinawa ce tsaf.

Malam Sabitu ya gyara riga ya yi bayani. Ta saurare shi har ya gama, ta ture gyaɗar gefe.

"Baba, ka ce babur ya tashi da shi?"

"Ya tashi, Madam. Ga shaida nan," ya nuna Mahmuda.

"Akwai gidan mai kusa da wurin?"

"Akwai wani matacce. Ai wannan ya daɗe da mutuwa."

"Akwai masu shan ruwan?"

"Shanu ma sun ƙi."

"Shanunka sun kyauta," ta ce, ta miƙe tana neman makullin mota. "Mu tafi yanzu."

A hanya Malam Sabitu ya raɗa ma Mahmuda cewa ka ga yadda gwamnati ke rawar jiki in ta ji mai.

Da suka isa, abin da Justina ta fara yi shi ne ta sa mai awara ta kashe wutarta ta matsa can nesa, ta ƙwace sigari a bakin wani ɗan acaɓa ta take. Ta ɗebi ruwan a 'yan kwalabe, ta ɗebi na maƙwabta, ta sa aka kewaye wurin da jan ƙyalle. Sannan ta sami mai unguwa da Malam Sabitu a inuwa.

"Baba, man da Allah ya ajiye a ƙasa baƙi ne, mai kauri, babu babur ɗin da zai sha shi. Wannan tataccen fetur ne. Wani ya saya, ya zuba a tanki a ƙarƙashin gidan man can, tankin ya ɓule. Shi ne ya bi ƙasa ya shigo rijiyarka. Daga yau kada wanda ya sha, kada a yi wanka, kada a ba dabba. Za mu riƙa turo tankar ruwa kafin mu ga abin yi."

Malam Sabitu ya yi murmushi irin na wanda ya gano dabara. Ya jira sai da motarta ta tafi.

"Ka ji ko?" ya ce ma Mahmuda. "Haka suke yi. Su ce ba komai ba ne, in ka juya baya su kafa injin."

Daga ranar ya ɗauko kujerar roba ya dasa a bakin jan ƙyallen. Nan yake wuni, nan Adama ke aiko mashi da fura. Justina kan zo da wasu mutane masu hular kwano suna auna ƙasa suna huda ramuka, ta gaishe shi, ya amsa a daƙile. Ta taɓa zama ta yi mashi bayanin cewa sun nemo magadan mai gidan man a Katsina, an yi zama da su, hukuma za ta ɗauki wani ɓangare na aikin, su ma an ɗora masu nasu. Ya ce to, Allah ya taimaka, amma shi yana nan.

Ranar da katafila ta zo, rabin gari ya fito. Aka fasa simintin gidan man, aka yi ta tono, wari ya tashi har mutane suna toshe hanci da bakin riga. Da aka zuƙe abin da ya rage a ciki, aka ɗaura sarƙa aka ɗago tankin. Ƙato ne kamar motar haya, tsatsa ta cinye cikinsa, ga ɓuli nan ko'ina, ana hango sararin sama ta wancan gefen. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta yi baƙi ƙirin, kuma baƙin ya miƙe sak ya nufi rijiyar Malam Sabitu.

Ya tsaya ya daɗe yana kallo. Wani daga cikin taron ya ce, "Alhaji, ga matatar taka nan an ɗago!" Aka fashe da dariya. Malam Sabitu ya naɗe tabarmar sallarsa, ya ɗora kujerarsa a ka, ya tafi gida ta bayan gari. Ya yi kwanaki ko masallacin unguwa sai ya tabbatar an tada salla yake shiga.

Justina ce ta zo ta same shi har zaure.

"Baba, taimako na zo nema."

"Madam, me ya rage kuma? Rijiyar kun ce cike ta za ku yi."

"Za mu cike ta, ba makawa. Amma ba don kai ka zo ka faɗa ba, da yaran unguwar nan sun yi ta shan abin nan ba wanda ya sani. Yanzu kashin shanu nake nema. Mai yawa."

Ya ɗago ya dube ta, ko ita ma tsokanar ce ta kawo ta. Fuskarta ba wasa.

Ta ce ƙasar da ta fi lalacewa tifa za ta kwashe ta kai inda aka tanada. Sauran kuwa, wadda ta sha man kaɗan, a nan za a yi mata magani. Za a baza ta, a cakuɗa da taki, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa. Akwai wasu ƙananan halittu a cikin takin da ido ba ya gani, su ne ke cinye man a hankali.

"Suna cin fetur?"

"Suna ci."

"Ikon Allah. Ashe akwai waɗanda suka fi 'yan acaɓa."

Adama da ke bayan ƙofa ta yi dariya har da tari.

Ɗan kwangilar da aka ba aikin baƙo ne, bai san ruga ko ɗaya ba. Malam Sabitu kuwa kakanninsa na wajen uwa makiyaya ne, babu rugar da ba a san shi ba daga Birchi har Karofi. Ya hau bayan Mahmuda suka bi su ɗaya bayan ɗaya. Da farko an yi masu gardama, domin taki abin gona ne, ba a rabuwa da shi haka nan. Wani tsoho a Rawayau ya sa ya maimaita maganar, sannan ya kira 'ya'yansa su zo su ji da kunnensu cewa yau gwamnati ce ke neman kashin shanu. Amma aka daidaita. Amalanke ta riƙa shigowa Kurfi a jere.

Malam Sabitu ya koma filin, wannan karon ba da kujera ba. An ba shi takalmin roba da safar hannu da abin rufe hanci. Shi ke nuna inda za a juye, shi ke faɗa in an bar wani gefe ya bushe. Masu tsokana suka sauya mashi suna zuwa Sarkin Taki. Ya ce ya karɓa, a kawo rawani.

Justina takan zo lokaci-lokaci da kwalabenta, ta ɗebi ƙasa nan da can, ta aika gwaji. Da damina ta matso, ƙasar ta daina wari, ta yi laushi, har ciyawa ta fara leƙowa. Malam Sabitu ya tare ta da murna.

"Madam, kin ga ƙasa ta warke. Bari in watsa ɗan wake."

"Sakamako ya ce da saura."

"Ki shinshina da kanki!"

"Baba, hancina ba shi ne hukuma ba. Waken da ka shuka nan, jikokinka za su ci."

Ya yi fushi na yini guda, ya ce ma Adama matar nan ta cika taurin kai. Adama ta ce ai shi ya sa suke shiri. Aka ƙara taki, aka ci gaba da juyawa, ruwan sama ya yi nasa aikin. Sai bayan an girbe gero sakamako ya fito yadda Justina ke so. Ta zo da takardar ta karanta a gaban mai unguwa: gefen gidan man ya yi kyau a yi gini a kai, filin Malam Sabitu kuma a fara dasa itatuwa, kayan miya sai an sake gwaji baɗi. Rijiyar aka cike ta da siminti. Aka haƙa ma unguwa ta burtsatse can kan tudu, inda man bai kai ba.

Magadan mai gidan man suka amince a yi rumfuna a wurin nasu. Aka zuba daɓe, aka kafa rumfar masu nono da fura a gaba, ta masu hatsi a tsakiya, ta masu gyaran babura a can ƙarshe. Mahmuda ya samu ta bakin hanya. Sharaɗi ɗaya Justina ta kafa ma makanikai: baƙin mai a ganga za a riƙa tarawa, mota ta zo ta kwashe, ko ɗigo kada ya taɓa ƙasa.

Ba wanda ya naɗa Malam Sabitu mai duba wannan sharaɗi. Shi ya naɗa kansa. Kullum da safe in ya gama ban ruwan 'yan itatuwansa na mangwaro da darbejiya, sai ya zagayo rumfunan, hannuwa a baya, ido a ƙasa.

Wata safiya ya tsaya a gaban rumfar Mahmuda, ya nuna wani ɗan baƙin tabo da tsinin takalmi.

"Wannan fa?"

"Haba Sabitu, shayi ne ya zube."

Malam Sabitu ya durƙusa, ya dangwala, ya shinshina. Ya miƙe ya zaro waya daga aljihu.

"Shayin naka da man juye ake dafa shi? Bari in kira Madam ta zo ta sha."

"Tsaya, tsaya! Don Allah mayar da wayar nan," in ji Mahmuda, ya ruga neman shebur.