Wutsiyar Odessa

Da sanyi ya sauka a Florida, ayu suka fara shigowa idon ruwanmu mai ɗumi, suna kwanciya a ƙasa kamar buhunan hatsi. Kowace safiya ni ke tuƙa kwalekwale, Loretta shugabarmu tana duba bayansu. Da tabo muke gane su, don da wuya ka ga wanda farfelar jirgin ruwa ba ta zana ba.

A cikinsu, wadda muke kira Odessa ce kaɗai ba ta zo ba. Ita na fara ganewa da kaina bayan na watsar da makaranta na kama aikin nan. Da kaka, a kan idona wani mai suna Royce Haddock ya bi ta kanta da jirginsa a inda aka hana gudu, ko waiwaye bai yi ba. Alƙali ya yanke masa yi mana aiki kyauta. Wai hukunci ke nan. Kullum sai ya zo da tabarau da kofi, yana kirana likitan kifi.

Ran nan sai ga ta, a karkace, gefe ɗaya a sama. Iska ta taru a ƙirjinta, ta kasa nutsewa. Loretta ta ce a kawo raga, asibiti za a kai ta.

Jawo ayu bakin gaɓa aikin ƙarti ne, kuma duk wanda ya taɓa yi ya san ba a tsayawa wajen wutsiya.

"Likita, ina zan kama?" in ji Royce.

"Zo nan baya, yallaɓai. Nan ne wurin hutu, ba cizo."

"Ashe dai kana da kirki."

"Sosai ma. Matso. Ƙara matsowa."

Loretta tana can wajen kai tana ba da umarni, ba ta gan mu ba. Muka ja. Odessa ta hau taɓo ta yi lamo, har Royce ya sunkuya yana cewa, "Ai wannan ragguwa ce." Sai ta lanƙwashe ta sakar masa wutsiya. Ƙarar kamar an maka katako a kan ruwa. Tabarau ya yi gabas, hula ta yi yamma, shi kuma ya zube a taɓo, baki duk jini.

Sanyin da na ji a raina har cikin ƙashi.

Amma bai saki raga ba. A kwance yake, igiya naɗe a hannunsa, yana tofar da jini yana cewa, "Ku ja mana, don Allah!" Da ya saki, da Odessa ta koma ruwa, kuma da wuya ta kai bazara.

Da muka ɗora ta a mota na kamo hannunsa na aza a kan sare-saren da ke jere a gadon bayanta, har yanzu ba su rufe ba.

"Shafa. Rubutunka ne."

Ya shafa.

Loretta ta dubi giɓin bakinsa, ta dube ni. "Wendell, wa ya tsayar da shi a can?"

"Odessa ce ta nemi ganinsa."

"To. Daga yau wutsiya taka ce, har sanyi ya wuce."

Na ce na ji. Da motar ta tashi na koma bakin gaɓa, na tono haƙorin Royce a taɓo, na wanke, na sa a aljihu. Ranar da aka dawo da Odessa da ƙarfinta, zan mayar masa.