Riɗin Nata'ala

Abin da ya hana Nata'ala sakat a Gagarawa ba wani abu ba ne, babur ɗin ƙaninsa Siddiƙ ne. Sabo fil, ja, ko ledar sirdin bai cire ba. Yaron da shi ya koya wa riƙon fartanya, wai yanzu shi ake matsa wa a kan tabarma in ya zo majalisa.

Ga kuma wata kalmar Turanci da ya ɗauko a bakin malaman gona. Ka ce masa ya gona, sai ya gyara hula ya ce ai shi yanzu "komashali" yake noma. Da aka matsa masa ya fassara, ya ce ma'anarta yin abu don kasuwa, don riba, ba don tukunyar gida ba; ko kaji mace ke kiwo, in dai da yawa ne kuma na sayarwa, to komashali take yi. Shi riɗi ya shuka bara, dillalan Maigatari suka kwashe shi a Alhamis ɗaya.

Nata'ala ya san hassada ce ke cin sa, sanin bai rage masa komai ba. Damina na faɗuwa ya shuke gonarsa kaf da riɗi, ko kunya ɗaya ta gero bai bari ba. Matarsa Rakiyya ta tuna masa baki bakwai ke jiran rumbun nan, ya ce in an sayar da riɗi, gero sai wanda ta zaɓa a kasuwa.

Riɗi kuwa ya yi kyau, tabarkalla. Ganye na fara rawaya sai ga Siddiƙ a bakin gonar.

"Yaya, a yanke shi cikin satin nan, a ɗaure a jingina a kan tamfol. Kada a bari ya bushe a tsaye."

Da wani ne ya faɗa, da ya ji. Amma ƙaninsa? Nata'ala ya ce shekara talatin yana noma bai taɓa girbe ɗanyen amfani ba. A ransa kuwa cewa yake yaron so yake riɗin ya ƙi nauyi, don kada a fi shi. Ya ƙara wa riɗin kwana goma sha biyu ya bushe ƙayau, yadda ake yi wa gero.

Ranar da ya je da lauje, yana kama karan farko ya ji zuba kamar yayyafi. Kwanson duk sun buɗe baki. Ƙasa ta yi fari, tururuwa da kurciyoyi sai shagali suke. Abin da ya share ya tara bai cika buhu biyu ba, rabi yashi, dillali ya damƙa ya watsar ya wuce.

Daga nan ya daina zuwa majalisa. Rumbu ya ƙare tun kafin sanyi ya wuce, amma tuwo bai yanke a gidan ba, shi kuma bai tambaya ba. Sai wata rana da yamma, yana ci da yaransa, ya kasa haƙuri ya ce wa Rakiyya wannan geron daga ina.

"Daga rumbun Siddiƙ, Malam. Shi ai rabin gonarsa gero ya shuka. Sati uku ke nan yana aikowa, ya ce kada a gaya maka."

Loma na hannunsa, ya so ya ture kwanon. Ƙaramar 'yarsa ta tsaya da ci tana kallon sa. Ya kai lomar baki, ya ce mata ta ci gaba da cin abincinta.