Jan Layi a Faifan C

Goggo ta yarda za ta yi magana sau ɗaya tak, ranar Asabar, kafin surukinta ya zo da mota ƙarfe biyu ya mayar da ita gida. Ita kaɗai ta rage a dangi da ta san wa ya haifi wa, kuma shekarunta sun kai inda ba a ce mata sai wani zuwan. Malam, wanda ya shekara ashirin yana koyar da tarihin mutanen da bai haɗa komai da su ba, ya girka kwamfutarsa a teburin falo, ya jingina makirfo da gwangwanin madara, ya danna maɓallin naɗar murya. Kwamfutar ta ce babu wuri.

Layin da ke ƙarƙashin faifan C ya yi jawur. Malam ya gyara tabarau, ya ce wa Goggo minti biyar. Ya shiga goge tsofaffin wasiƙu da tambayoyin jarrabawa ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ya buɗe ta ya karanta, ya yi mata bankwana. Zuwa sha biyu saura kwata ya goge ɗari da wani abu, jan layin ko gezau.

Goggo ta ce in abin ya gagara a kawo mata filo.

A nan ne matarsa ta fito daga kicin tana goge hannu. A ɗakin magani na asibiti take aiki, inda duk ƙarshen wata take sauke kwalaye daga kanta, ta ware waɗanda wa'adinsu ya wuce. Ba ta ce masa ya tashi ba. Tsayawa kawai ta yi a bayansa har ya ga ya dace ya tashi.

Kwandon sharar kwamfutar ta fara buɗewa. Duk abin da ya goge yana nan a zaune, bai je ko'ina ba. Ta tambaye shi ko akwai wanda yake so ya dawo, ya ce babu, da muryar mai son a sake tambayarsa. Ba ta sake ba. Daga nan ta kunna manhajar share tarkace ta cikin kwamfutar, ta zaɓi fayilolin wucin gadi da ragowar tsofaffin sabuntawa, ta karanta kowane layi kafin ta sa masa alama. Gigabait tara suka fita.

Ganin haka Malam ya samu ƙarfin gwiwa, ya nuna wata babbar folda mai baƙon suna ya ce a haɗa da ita.

"Malam, abin da ban san aikinsa ba, ba na taɓa shi," in ji ta. "Na injin ne. Ka cire shi, gobe ba za ta tashi ba."

Sai ta jera sauran fayilolin bisa girma, manya a sama. Shi bai taɓa sanin ana iya haka ba. Ashirin da uku na farko duk bidiyo ne, duk na mutum ɗaya: Malam a gaban labule, yana gwajin jawabin da ya yi a taron yaye ɗalibai shekara uku da suka wuce. Ta buɗe ɗaya don ta tabbatar. Muryarsa ta cika falon tana gaishe da manyan baƙi.

Goggo ta ɗago daga filo. "Amarya, wannan mai kumburin wa ye?"

"Ɗanki ne, Goggo."

"Allah sarki. Shi ya cinye wurin?"

Malam ya tsaya yana jiran hukunci. Amma matarsa ba ta goge ko ɗaya ba. Ta ciro filas na ajiye fayiloli daga jakarta, ta kwashe su duka a ciki, ta buɗe biyu daga can ta ga suna aiki, sannan ta cire su daga kwamfutar. Ta manna 'yar takarda a jikin filas ɗin, ta rubuta kwanan wata da abin da ke ciki, ta miƙa masa ba tare da ta yi ko murmushi ba. Wannan rashin murmushin ya daɗe yana gode mata shi a zuci.

Layin ya koma shuɗi. Sha biyu da minti goma.

Goggo ta gyara mayafi, ta matso, ta tambayi inda ake kallo. Aka ce mata ba sai ta kalli ko'ina ba. Ta fara daga kakan kakansu, mai sana'ar dukanci, da matansa da 'ya'yansa, har da wanda ya tafi fatauci bai dawo ba. Da ta zo kan sunan mahaifiyar kakansa, wanda ko baban Malam bai sani ba, Malam ya zabura yana laluben biro a aljihu. Matarsa ta dafa masa hannu, ta nuna masa lambobin da ke tafiya a allon.

Ƙarfe biyu daidai aka yi hon a ƙofar gida. Goggo ta ce a ce wa surukinta ya shigo ya zauna, ba ta kai kan dangin uwa ba tukuna.