Hannun Sarkin Darɓa

A tashar binciken noma kowa kashe darɓa yake yi, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye. Shi kaɗai aka ɗauka don ya yi kiwonsu. Shi ya sa ake ce masa Sarkin Darɓa, kuma yana amsawa har da gyara zama.

Aikinsa shi ne ya ɗauko ƙwarin daga shukar wake mai cuta, da ɗan siririn burushi, ya ɗora su a kan lafiyayya don su sa mata cutar. Irin waken da zai ƙi kamuwa, shi ne abin da Dakta, shugabarsa, take nema shekara tara cur. Aikin sai da lallami. Za ka sosa bayan ƙwaron, ka jira ya zare bakinsa daga ganye don kansa. In ka fizge shi bakin ya tsinke, ba zai ƙara cizon komai ba, ko da kuwa yana yawo.

Ranar Talata da safe Dakta ta ƙwala masa kira daga ɗakin gilashin da ake jera tukwanen shuka. Duk layukan sun yi rawaya, ganye ya nannaɗe. Layi na bakwai kuwa kore shar.

"Baba, zo ka gani! Wallahi ko ɗigo babu. Mun samu, Baba, mun samu!"

Bai taɓa ganin haƙoranta duka a waje ba sai ranar. Shi kuwa ya san abin da ya faru. Wata biyu ke nan hannunsa na dama yana rawa, yana ɓoye shi a aljihu. Ranar da ya yi layi na bakwai rawar ta tsananta, ya riƙa fizgar ƙwarin don ya gama kafin wani ya shigo. Shukar ba ƙin cuta ta yi ba, cutar ce ba ta je ba.

In ya yi shiru, zai ci gaba da aikinsa. In ya faɗa, shi da burushi sai kallo. Amma rana ba ta ƙarya, ita kuma wannan baiwar Allah ba ta cancanci murnar banza ba.

Ya zaro hannun ya ɗora a kan tebur. Yatsun suka hau kaɗawa.

"Dakta, ba irin ba ne. Ni ne na karya wa ƙwarin baki."

Ta dubi layin, ta dubi hannun. Idonta ya ciko. Ya tsaya jiran ta ce ya ajiye kayan aiki.

"Wata biyu kana shan shayi da hagu, Baba," in ji ta. "Ina gani, ban tambaye ka ba, hankalina yana kan ganye. Ka yafe mini."

Ta kama hannun da nata biyu. Bai daina rawa ba, ita ma ba ta sake shi ba.