Dattijon Gefen Hoto

Shekara shida Auta ta yi tana ɗaukar hoton fasfo a shagon kawunta. Aikin bai wuce farin ƙyalle a bango, kujera marar jingina da fitilu biyu ba. Mutum ya zauna, ta ce ya ɗaga haɓa, ya rufe baki, ta danna. Kawu ne ya buɗe shagon tun ba a haife ta ba, amma da idonsa ya yi rauni sai ya sakar mata kyamarar, ya koma bayan tebur yana yanka hotuna da almakashi, yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba.

Wata Talata manajan sabon otal ɗin da aka gina a bakin tafki ya shigo shagon. Manyan hotuna goma sha biyu yake so, waɗanda za a rataya a hanyar ɗakunan baƙi: mutane a bakin ruwa, rana tana faɗuwa. Auta ta amsa kafin ta yi tunani.

Da yammacin ranar ta je tafkin ta ɗauko hoto fiye da ɗari biyu. Washegari da safe Kawu ya ja kujera gaban kwamfuta, ya kusa manna hancinsa a gilashin.

"Ranar ta yi kyau," ya ce. "Sai dai ba ke kika yi ta ba. Ina naki aikin?"

"Haba Kawu, ga mutane nan."

"Ga su nan kamar turakun awaki. Dubi wannan, layin da sama ta haɗu da ruwa ya yanke masa wuya. Ki durƙusa ko ki hau dutse, layin ya bar wuyan bawan Allah. Wannan kuma tana kallon dama, kin manna mata hanci a bakin hoto. In mutum yana kallon wuri, ki bar masa fili ya kalla."

Ya gaya mata idan rana tana bayan mutum fuska ta tafi ke nan, sai baƙar inuwa. Don haka kafaɗa da hannu da yadda mutum ya tsaya su za su yi magana.

"A fasfo kina neman wane ne. A nan kuwa me yake yi, me ya kawo shi. In mai kallo bai tambayi kansa komai ba, gara a rataya kalanda."

Kwana goma sha biyu ta yi tana zuwa. Ta koyi cewa hasken da take nema bai fi na minti ashirin ba, kuma wanda ya tsaya gyaran mayafi ya rasa shi. Ta samu masunta biyu suna jan raga, ƙafafunsu sun turje a yashi. Ta samu wata mata da ta ɗaga jaririnta sama, ranar tana leƙowa ta tsakaninsu. Ta samu 'yan makaranta uku a kan gadar katako da jirgin fito yake tsayawa, kowacce da takalminta a hannu.

Abu ɗaya ne ya dame ta. A can gefen hagu, kusa da ciyawar ruwa, kullum sai wani dattijo ya faɗo cikin hoton. Tsaye yake ƙiƙam a cikin ruwa, ba ya kamun kifi, ba ya wanka. Ita kuwa sai ta yanke gefen a kwamfuta, ta huta.

Rannan Kawu ya kama ta tana yankewa.

"Wa kike jefarwa?"

"Wani ne mai ɓata min aiki."

"Dawo da shi mu gani."

Ta buɗe hotunan na asali, ta jera su bisa kwanaki. A na rana ta biyu ruwan a idon sawunsa yake. A na rana ta biyar ya kai ƙwauri. A na jiya ya rufe gwiwa.

"Kawu, tafkin nan cika yake yi!"

"Dubi ƙafar gada."

Ta duba. Ruwan yana nan inda yake a jikin katakon, bai hau ba, bai sauka ba. Ashe mutumin ne yake ƙara shiga.

Ta ce ko dai wani abu ya ishe shi a duniya ne, yana auna hanya? Kawu ya sa ta ƙara girman hoton. A kan yashi ga takalma biyu an jera su a kan jarida, ga safa an naɗe an cusa a ciki. Wandon mutumin an nannaɗe shi tsaf, ƙafar dama daidai da ta hagu. A hoto huɗu cikin bakwai agogon hannunsa yake kallo.

"Wanda ya gaji da duniya ba ya shimfiɗa wa takalmi jarida," in ji Kawu. "Wannan akwai inda za shi. Ki je ki tambaye shi, ko ni ma na samu barci."

Da yamma ta bar masunta da ragarsu, ta zauna a kan wani dutse kusa da takalman. Dattijon yana cikin ruwa, yatsu biyu a kan jijiyar hannunsa, leɓɓansa suna motsi. Sai da minti goma suka cika ya juyo, ya taka a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai.

"Sannu Baba."

"Yawwa 'yata. Ke ce mai hoton nan. Na tare miki rana ko?"

"Kwana goma sha biyu kana shigo min hoto ina cire ka. Yau na ce bari in nemi gafara, in kuma yi tambaya."

Ya zauna ya zaro ƙaramin tawul daga aljihu, ya goge ƙafarsa yatsa bayan yatsa. Sai da ya sa safa ɗaya sannan ya yi magana.

Mai gyaran agogo ne, shagonsa yana bayan tashar mota. Yana ɗan shekara bakwai kwalekwale ya kife da su a wani rafi, shi da yayansa da wata gwaggonsu.

"Ba wanda ya mutu. Kaza ɗaya ce ta tafi, ita ma an ce an gan ta daga baya. Amma ni tun ranar ko a bokiti na ga ruwa ya yi yawa sai in rage."

Shekara hamsin da takwas ke nan, kuma abin bai taɓa tsare masa komai ba sai da aka tura 'yarsa aikin jinya a asibitin da ke can ƙetaren tafkin. Ta jirgin fito minti arba'in ne. Ta mota kuwa sai an zagaye, awa tara, hanyar duk ramuka. Matarsa tana ƙetarawa duk mako biyu, shi sau ɗaya a shekara yake zuwa, ya dawo ya yi kwana uku yana jinyar baya.

"To ina da jika a can, shekararta biyar, bakinta kamar reza. Watan jiya a waya ta ce, 'Kaka, wai da gaske kai tsoron ruwa kake ji? Ni fa a gaban jirgi nake zama.' Na ji uwarta tana dariya a baya. Na ajiye wayar, na kasa mayar da ko ƙusa ɗaya a agogon mutane."

"Shi ne kake shiga kaɗan-kaɗan."

"Kullum taki ɗaya, minti goma. Ina ƙirga bugun zuciya. Ranar farko ɗari da ashirin. Yau casa'in da huɗu."

"Iya, matar taka, ta sani?"

"Wa? Rufa min asiri. Ita a saninta aiki ne ya yi min yawa a shago. In ta ji, kafin gobe 'yan'uwanta na kudu da na arewa sun ji."

Auta ta kunna kyamarar ta nuna masa kansa. Ya ciro tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka ƙeyata take. Shekara sittin da biyar ina yawo da ita ban sani ba." Ya matsa na gaba da ɗan yatsa. "Me ya sa a wannan na yi kama da sanda, a wannan kuma na yi kama da mutum?"

Ita ma sai da ta duba kafin ta gane. A na biyun ya ɗan sunkuya yana kallon agogo, gwiwar hannunsa ta fita daga jikinsa, haske ya bi ta tsakani. Ta yi masa bayani, ya gyaɗa kai irin na wanda ya saba da ƙananan abubuwa masu motsa manya.

Ta roƙe shi ya bari ta ɗauke shi da gangan. Ya ce in dai fuska ba za ta fito ba, ta yi.

Washegari ta kwanta rub da ciki a kan yashi, abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba. Ta sa takalman da jaridar a ƙasan hoton, manya, kusa da ido. Shi kuma ta ajiye shi a hagu, ɗan ƙarami, ruwa ya wuce gwiwarsa. Duk sauran filin ta bar wa tafkin, har can inda ƙetare ya zama siririn zare. Ta jira ya ɗaga hannu zai duba agogo, ta danna sau uku.

Kawu ya kalli hoton da safe. Ya tashi da kansa ya ɗauko takarda mai tsadar da yake ɓoyewa a saman kabad.

Manajan otal kuwa ya karɓi goma sha ɗaya, ya ture wannan.

"Hoton ya yi kyau, amma baƙo ya fito daga ɗaki da safe ya ga takalma a bakin ruwa, mai su yana shiga? Sai ya ce a ba shi jakarsa. Kawo min wani na masunta."

Ta kai masa na masunta. Na dattijon ta jingina shi a bayan tebur.

Bayan kwana tara mai gyaran agogo ya leƙo shagon da rana tsaka, sanye da riga mai guga, da leda a hannu.

"Jiya ruwa ya kai ƙugu, bugu tamanin da takwas. Yau zan hau na ƙarfe huɗu. Ina son wanda zai raka ni, wanda ba zai yi dariya ba."

"Je ki," in ji Kawu. "Masu fasfo ba sa ƙarewa."

Jirgin na katako ne mai inji a baya, yana ɗaukar mutum ashirin da kayansu. Aka ba kowa rigar hana nutsewa. Dattijon ya ɗaure tasa har sai da numfashi ya gagare shi, matuƙin ya zo ya sassauta masa. Auta ta zauna kusa da shi, ta gama tsara hoton a ranta: hannunsa a bakin jirgi, ruwa yana gudu a baya.

Ana tayar da inji ya damƙe igiyar kyamarar da ke wuyanta da hannu biyu, ya runtse ido.

"Baba, sakar min in ɗauka."

"Ki ɗauka da ido."

Haka suka yi tafiyar, kanta a karkace kamar na akuyar da ake ja kasuwa. Wata mai kwandon tumatir da ke gabansu ta juyo ta ce, "Mahaifinki ne? Allah sarki." Auta ta ce e, don ya fi sauƙi.

Sun kai tsakiya sai ta ji riƙon ya yi sako-sako. Idonsa har yanzu a rufe, amma ya karkata kunne wajen injin.

"Malam matuƙi," ya ɗaga murya, "injin nan naka yana tsallake bugu. Duk bayan bakwai sai ya yi tuntuɓe."

"Shekara uku yana haka, Baba."

"Shekara uku! Kuma kake ɗaukar mutane?"

Don ya yi faɗan da kyau sai ya buɗe ido. Ya ga ruwa gaba, ruwa baya. Bai sake rufewa ba, amma bai saki igiyar ba sai da jirgin ya daki katakon gada.

Asibitin yana kallon gadar. 'Yar tasa ta fito da farar rigar aiki, ta tsaya da hannu a baki.

"Baba! Ta ina? Ina Mama?"

Ya nuna jirgin da haɓa. Jikar ta fito daga bayan uwarta, ta dube shi sama da ƙasa.

"A gaba ka zauna?"

"A tsakiya."

"To ai tsakiya na tsofaffi ne," ta ce, ta karɓe ledar ta leƙa ciki.

Auta ta biyo jirgin ƙarshe ta dawo ita kaɗai, wuyanta yana ciwo.

Sai bayan mako guda dattijon ya sake zuwa shagon, wannan karon da matarsa, gajeriyar mace mai kaifin ido. Ta gaisa da Kawu, ta ce a nuna mata abin da ake ta magana. Auta ta ɗauko hoton daga bayan tebur. Matar ta riƙe shi nesa, ta matso da shi kusa.

"Jaridar da nake shimfiɗawa a kabad ce wannan," ta ce. "Na yi ta nema."

"Kin ji ko," in ji mijin. "Mutum ya ƙetare tafki, ita jarida take gani."

"Tafkin da tun kwana na uku nake kakkaɓe yashinsa daga safarka? Na yi shiru ne in ga iya gudun ruwanka."

Kawu ya yi dariya har da tari.

Auta ta tambayi dattijon yadda dawowar ta kasance, ko a gaba ya zauna.

"Ta mota na dawo. Awa tara da rabi, taya ta fashe."

"Haba Baba!"

"Ba a zana jarrabawa ɗaya sau biyu a mako, 'yata. Wata mai zuwa za mu koma tare da ita."

Matar ta ce a sa wa hoton firam baƙi, marar ado, kuma a yi mata ƙanana guda biyu, ɗaya na 'yarta, ɗaya na yayarta da ba za ta yarda ba sai ta gani. Sannan ta zauna a kujerar fasfo ta gyara ɗankwali, ta ce tunda ta zo a ɗauke ta ita ma, katin shaidarta ya kusa ƙarewa.