Yarinyar Da Ba Ta Hamma

Ƙa'idar aikinsu ɗaya ce: ita ta rubuta labari, shi ya sa wa mutanen ciki magana a baka, ranar Laraba su haɗa. Wata biyar ke nan suna haka a ɗakin atisaye da ke saman wata maɗaba'a, inda daɓe ke rawa duk sanda inji ya tashi a ƙasa. Littafin a kan wata ƙasa ce da kamfani ke gyara ƙwayoyin halittar jarirai tun kafin a haife su, ya ba iyaye riƙo, in yaro ya cika shekara bakwai a zo a karɓe shi.

Marubuciya ta hau benen da hantsi, babi na tara a jakarta. Abokin aikinta, marubucin wasan kwaikwayo da kowa ke kira Ɓarawon Zance, ya riga ta zuwa. Bai taɓa ƙirƙirar magana da kansa ba. A tasha, a shagon aski, a layin asibiti yake tsintar ta daga bakin mutane, ya zuba a ɗan littafin aljihunsa.

"Yaya, zauna," ya ce. "Yau na yi babban kamu. Na samo mana muryar jami'ar kamfani."

"Bakin wa ka yi wa sata kuma?"

"Ke dai saurara."

Ya tsaya tsakanin kujerun roba, ya sanyaya murya kamar ta mace mai karanta sanarwa.

"Saura ɗaya a rukuni na huɗu. Mace ce, ta cika bakwai watan jiya. Ba ta hamma. Ku duba bayan kunnen hagu, akwai ɗigo uku a jere. Uwar ta sauya gida sau biyu, amma ba komai. Kullum akwai wanda zai faɗa."

Injin ƙasa ya tsaya.

Zancen hamma ya sani, tun a babi na biyu yake, kuma ta taɓa gaya masa cikin raha cewa daga 'yarta ta ɗauko. Amma ɗigo ukun suna babi na tara, babi na tara kuma yana jakarta, ba wanda ya karanta. A bayan kunnen 'yarta suke, kuma a duniya ita kaɗai ta san su, ita da ke yi wa yarinyar kitso tana kwantar da gashi a kansu.

Shekara tara ta yi ba haihuwa, kafin wata ta yi mata kwatancen wani asibiti marar allo a ƙarshen wani layi. Ta sa hannu a takardu shafi arba'in ba ta karanta ko ɗaya ba, hawayen murna sun rufe mata ido. Da ta koma bayan shekara da jaririya a goye don ta yi godiya, sai ta tarar ana sayar da tayoyi a wurin. Littafin nan ma ta fara shi ne don ta mayar da tsoronta abin wasa.

"A ina ka ji wannan?"

"Tashar bas, da safen nan. Wata mata mai farar jaka, tana waya. Na ɗauka 'yar wasa ce tana haddar abin da za ta faɗa a wasa. Har gyara na yi mata, na ce ta rage sauri a wajen 'saura ɗaya'."

"Ka yi mata magana?"

"Kin san ni, Yaya. Ɓarawo ne ni, amma mai ladabi, ba na tafiya da zancen mutum sai na nemi izini. Na ce mata, baiwar Allah, kin faɗi littafinmu sak. Abokiyar aikina ma 'yarta ba ta hamma, ko duk gida za a yi, ita sai dai ta zuba ido."

"Sai ta ce me?"

"Murna ta yi. Ta ce tana son yara masu baiwa, wace makaranta take?" Murmushinsa ya fara dusashewa. "Ni kuwa ranar bikin ba da kyaututtuka ai na raka ki, sai na faɗa mata."

Ta riga ta ciro waya. Ta kira lambar malamar ajin 'yarta, ta buɗe muryar wayar yadda shi ma zai ji.

"Maman Auta, lafiya?" in ji malamar. "Tana nan ƙalau. Masu duba lafiyar yara ne suka zo, ana duba kunnuwa. Abin mamaki, ajinmu kaɗai suka nema."

"Fitar min da ita daga layin. Yanzu, malama, don Allah."

"Ai an gama da ita. Ga ta nan ma riƙe da hannun wata mata daga cikinsu. Bari in ba ta."

Sai ga ƙaramar muryar, a natse kamar kullum.

"Umma, antin nan ta ce in ɗauko jakata, za mu gida."

"Ki sake hannunta, Auta. Ki tsaya jikin malama, ga ni nan zuwa. Ni zan kai ki gida."

"Ba wannan gidan ba, Umma. Ta ce na farko."

Wayar ta katse. Marubuciya ta zabura ta yi ƙofa, jakarta ta kife, shafukan babi na tara suka watse a daɓe. A bakin bene ta waiwaya don ta ce masa ya zo da makullin motarsa.

Yana tsaye inda ta bar shi, tsoro ya cika fuskarsa. Ɗan littafin yana buɗe a tafinsa, hannunsa kuma, ba tare da ya duba ba, yana rubuta abin da yarinyar ta faɗa.